OPay: Daga Babur ɗin Legas zuwa Teburin Mai POS a Ƙofar 'Yandaka

OPay kamfani ne na ajiya da tura kuɗi ta waya, wanda ya fara aiki a Legas a shekarar 2018. Tushensa kamfanin Opera ne na ƙasar Norway, mai manhajar Opera Mini da matasan Arewa da dama suka fara leƙa intanet da ita a ƙananan wayoyi. A 2016 wasu masu jari daga ƙasar Sin suka sayi Opera, cikinsu har da Zhou Yahui, wanda daga baya ya shugabanci OPay. Da suka nufo Najeriya ba su tsaya neman sabon lasisi ba. Sai suka karɓi PayCom, kamfanin da ya riga ya samu izinin Babban Bankin Najeriya na hada-hadar kuɗi ta waya, suka ɗora masa sabon suna. Shi ya sa a shekarun farko mai tura kuɗi zuwa OPay daga wani banki sunan PayCom yake nema a jerin bankuna.

Da sufuri kamfanin ya fara yin suna. A 2019 ya zuba 'yan acaɓa masu korayen hulunan kwano a titunan Legas da sunan ORide, ya ƙara da sayar da abinci da motocin haya, ya kuma kawo OTrike Kano, inda ake kiran a-daidaita-sahu ta waya a kan kuɗi kaɗan. Dabarar ita ce arahar hawa ta ja mutum ya buɗe asusu. A shekarar kaɗai masu jari suka zuba dala miliyan 50, sannan miliyan 120. Amma a Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birnin, annobar korona ta biyo baya, a wajen tsakiyar shekara aka ajiye baburan.

Abin da ya rage shi ne ya zama ainihin sana'ar, wato wakilai masu na'urar POS. Tun 2013 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin da suka ba ɗan kasuwa damar karɓa da biyan kuɗi a madadin banki, sai dai manyan bankuna sun ja ƙafa. OPay ya raba na'urori da sauƙi, kuma ta nan ne ya shigo unguwannin birnin Katsina. A Ƙofar 'Yandaka, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwa, bakin hanyar da ke fita zuwa Batsari, jarin mai POS bai wuce tebur da laima da na'ura da 'yan kuɗi a jaka ba. Mai cirar kuɗi ya miƙa kati ko ya yi taransifa, wakili ya ga alat, ya ƙirgo masa, ya cire cajinsa. Tsabar kuɗin kuwa sau da yawa daga hannun masu shaguna da gidajen mai yake samo su, ya tura musu a asusu, kowa ya huta da layin banki. Wani abu ƙarami ya taimaka fiye da duk wata talla: lambar asusun OPay lambar wayar mutum ce, a cire sifirin farko. Dattijon da bai taɓa haddace lambar banki ba, ya san lambar wayarsa.

A Agustan 2021 kamfanin ya samu dala miliyan 400 ƙarƙashin jagorancin SoftBank na Japan, aka ƙiyasta darajarsa a dala biliyan 2. Wata guda bayan haka Katsina ta ga raunin tsarin. Saboda matsalar 'yan bindiga aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Batsari da Jibiya da Safana, na tsawon watanni. Babu sabis, babu POS. Mai son cirar kuɗi ko turawa sai ya yi tattaki zuwa inda waya ke kamawa, birni kuwa yana cikin wuraren.

Canjin kuɗi ne ya mai da OPay sunan da kowa ya sani. A Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin ba su wadata ba, tsofaffin kuma aka sa musu wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, cajin masu POS ya yi tashin gwauron zabo, manhajojin bankuna suka riƙa cijewa saboda cunkoso. Na OPay da takwarorinsa sun fi jure nauyin. Mai shayi, mai nama da mai kayan miya, waɗanda a da ba sa yarda da ciniki sai sun ga kuɗi a tafin hannu, suka rubuta lambar asusu a kwali suka rataye. Kotun Ƙoli ta maido da tsofaffin takardun a 3 ga Maris, amma kwalayen ba su sauka ba.

Girman ya jawo idon hukuma. A ƙarshen 2023 aka wajabta haɗa ko da ƙaramin asusu da lambar BVN ko NIN, domin sauƙin buɗewar ya ba 'yan damfara ƙofa. A Afrilun 2024 Babban Banki ya dakatar da OPay da PalmPay da Moniepoint da Kuda daga ɗaukar sababbin abokan hulɗa, ya ɗage takunkumin a Yuni bayan sun tsaurara tantancewa. Daga Disamban shekarar aka fara cire harajin naira 50 a kan kuɗin da ya kai 10,000, kamar yadda ake yi a bankuna.

A Katsina akwai kuma tambayar da Legas ba ta cika yi ba. OWealth, sashen ajiyar kamfanin, yana ƙara wa mai ajiya 'yan kuɗi kullum, kuma mutane da yawa suna kaffa-kaffa da shi saboda kuɗin ruwa, sun tsaya a kan turawa da karɓa da sayen kati da biyan kuɗin wuta. A teburin wakilai kuwa Moniepoint ya zama babban kishiya, har ya zama al'ada mai POS ya ajiye na'ura biyu, koriya da shuɗiya, in ɗaya ta ƙi ya gwada ɗayar.