Tarihin Itacen Kornel da Masu Renonsa Daga Ƙwallo

A ƙasashen da ke tsakanin kudancin Turai da Anadolu da duwatsun Kaukasus akwai wani ɗan itace wanda Turawa ke kira kornel, Turkawa kuwa kiziljik, wanda Allah cikin hikimarsa ya keɓe da wata ɗabi'a ta ban mamaki, domin a watan Fabrairu ko Maris, alhali sauran itatuwa suna tsaye tsirara saboda sanyi, shi yake fara lulluɓa da ƙananan furanni rawaya tun ganyensa bai fito ba, amma 'ya'yansa, jajaye masu tsami, ba sa nuna sai ƙarshen Agusta ko cikin Satumba. Sabili da haka ne Turkawa suke da hikayar cewa Shaiɗan ya ga furen nan ya riga kowa, ya zauna a gindinsa yana dakon nunan fari, sauran itatuwa suka nuna aka cinye yana zaune.

Mutanen dā ba don ado suka san shi ba. Katakonsa yana da tauri da nauyi har yakan nutse a ruwa, shi ya sa Yunanawa suka zaɓe shi don sandunan masu. Kuma Ariyan, marubucin yaƙe-yaƙen Iskandar Mai Girma, ya ambata cewa a yaƙin kogin Giranikus, shekara 334 kafin Miladiyya, mahayan Makidoniya sun rinjayi Farisawa har da dalilin masunsu na kornel. Rumawa ma suna da riwaya, wadda marubuci Fulutak ya kawo, cewa Romulus, sarkinsu na farko, ya jefa mashi daga tudun Abentin ya kafe a tudun Falatin, sandar ta yi saiwa ta zama itace, jama'a suna girmama shi ƙarni bayan ƙarni, har zamanin Sarki Kaligula da magina masu gyaran matakala suka sare saiwarsa ya bushe. Mai hankali ba zai gaskata tohon busasshiyar sanda ba, amma riwayar ta nuna martabar itacen a wurinsu. Daga baya, da bindiga ta kawar da mashi, sai amfaninsa ya koma ga sharbar da Turkawa ke yi da 'ya'yansa, da tsumagiyar horon ɗalibai, da lambunan Ingila, inda Jon Jerad ya ambace shi cikin littafinsa na tsirrai a 1597.

Babbar wahala tana ga shuka ƙwallon. Ɓawonsa mai tauri ne ƙwarai, ƙwayar da ke ciki kuma ba ta farkawa sai ta sami watanni kamar huɗu na ɗumi da danshi, sa'an nan wasu uku ko huɗu na sanyi, bisa wannan jeri ba akasinsa ba. Wanda ya shuka shi a ƙarshen shekara, hunturun farko ya wuce masa a banza, ba zai ga tsiro ba sai shekara ta biyu, wani lokaci ta uku. Da ma'abota lambu suka fahimci sirrin, sai suka riƙa wanke ƙwallayen daga naman 'ya'yan, su binne su cikin jiƙaƙƙen yashi a tukwane, su kare su daga ɓeraye, su bar zafi da sanyi su yi aikinsu. Bayan tsiro ma da sauran jira, gama galibi sai ya shekara shida zuwa goma kafin ya ba da 'ya'yan kirki, kuma furanninsa na farko sau da yawa maza ne zalla, ba sa ƙulla kome.

Ga shi kuma ɗan ƙwallo ba lalle ya gaji uwarsa ba, wani ya fito da manyan 'ya'ya, wani da ƙanana masu bauri. Wannan ne ya sa masu neman amfanin kasuwa suka koma yi masa aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro, suna ɗora reshen zaɓaɓɓen iri a kan tushen da aka rena daga ƙwallo. Kuma a Lambun Tsirrai na Girishko da ke Kiyef, Sibitlana Kilimenko ta shafe shekaru masu yawa tana tace iri daga irin waɗannan tsirrai, har ta fitar da masu 'ya'ya rawaya da masu siffar kwalba.