Asalin Gicciyen Malta

A bayan tsabar kuɗin ƙasar Malta, na yuro ɗaya da na yuro biyu, akwai wani gicciye mai hannuwa huɗu. Kowane hannu siriri ne daga tsakiya, yana ƙara faɗi yana fita, sai bakinsa ya rabu biyu kamar wutsiyar kifi. Wanda ya saba tsayawa wurin masu kifi a kasuwar Yauri ba sai an zana masa ba. In ka ƙirga tsinin, takwas ne cif. Gicciyen Malta ake ce masa, amma labarinsa ya girmi zuwansa Malta da shekara sama da 400.

Da fari dai, waɗansu fatake ne daga Amalfi ta ƙasar Italiya suka gina masauki a Birnin Ƙudus don jinyar Kiristoci masu ziyara, a lokacin garin yana hannun Musulmi. Da mayaƙan Salibiyya suka ci birnin a 1099, sai masaukin ya bunƙasa ƙarƙashin wani mutum mai suna Jerad, har Paparoma Faskal na Biyu ya amince da su a matsayin ƙungiya a 1113. Tufarsu baƙar alkyabba ce mai farin gicciye. Aikinsu shimfiɗa wa majinyaci gado, da ba shi abinci, da binne wanda ya cika. Sannu a hankali suka soma raka masu ziyara a hanya, daga rakiya sai takobi, daga takobi sai ganuwa, masu jinya suka zama barade.

Salahuddin Ayyubi ya karɓe Ƙudus a 1187, Akka da suka koma ta faɗi a 1291, suka tsallaka teku suka kafu a tsibirin Rodos wajen 1310. Can ma Sarki Sulaiman na Turkawa ya fitar da su a 1522. Suna cikin gararamba sai Sarki Shal na Biyar ya ba su Malta a 1530, kuɗin hayar kuwa shaho guda a kowace shekara. Ya haɗa musu da Tarabulus, tashar nan da ayarin Hamada ke sauke kayan ƙasashenmu, suka riƙe ta har Turkawa suka ƙwace a 1551. A zaman Malta ne siffar gicciyen ta daidaita yadda muka san ta yau. Na zamanin Ƙudus bai da wannan tsini mai kaifi.

To, ina ma'anarsa? Su dai 'yan ƙungiyar sun ce farin yana nufin tsarkin zuciya, hannuwa huɗun kuma hikima da adalci da kamun kai da jarunta. Tsini takwas ɗin ne aka fi yi wa fassara. Waɗansu sun ce albarkatu takwas ne da aka ambata a sura ta 5 ta Linjilar Matiyu. Waɗansu sun ce rukunonin ƙungiyar ne guda takwas, da aka kasa bisa harshe da ƙasa, irin su Faransa da Italiya da Jamus da Ingila. Ni dai a ganina alamar ta riga fassarar zuwa, domin rukunonin ba su cika takwas ba sai 1462, lokacin da aka cire rukunin Kastil daga na Aragon, alhali an daɗe ana ɗinka gicciye a alkyabba. Kuma matuƙin jirgin Musulmi da ya hango farin gicciye a tutarsu cikin Bahar Rum a wancan zamani ba kamun kai yake tunawa ba, don baraden nan fashin teku suke yi, suna kama mutane suna sa su tuƙin jirage.

Napoliyon ya kore su daga Malta a 1798, ragowarsu suka zauna a birnin Rum tun 1834, suka ajiye makami suka koma jinya. A Ingila kuma aka kafa wata ƙungiya dabam mai sunan St John da wannan alama, ita ce ta buɗe asibitin ido a Ƙudus a 1882. Asibitin yana nan yana aiki, kuma yawancin masu zuwa neman magani Falasɗinawa ne.