Tsohon Gidan Limamin Epworth: Ginin da Gobara Ta Haifa

Tsohon gidan limamin cocin Epworth yana arewacin Lincolnshire a Ingila, a yankin Axholme, ƙasa mai kwari da fadama wadda aka fara janye ruwanta a ƙarni na 17. An gina shi a 1709, kuma a yau yana rukuni na ɗaya na gine-ginen tarihi da doka ta kare, rukunin da bai wuce kashi 2.5 cikin ɗari na irin waɗannan gine-gine a Ingila ba. Galibi ana tuna gidan saboda John da Charles Wesley, jagororin ɗarikar Methodist, waɗanda suka tashi a cikinsa. Amma ginin kansa yana da abin faɗi, kuma ba a fahimtarsa sai an koma ga daren 9 ga Fabrairun 1709.

A wannan dare ne wuta ta cinye gidan farko, wanda aka yi da katako da yaɓe, aka rufa masa jinka. John yana ɗan shekara biyar. Ta tagar bene aka zaro shi, wani mutum tsaye a kafaɗar wani, jim kaɗan kafin rufin ya rufta. Da mahaifinsa, Samuel Wesley, limamin cocin, ya tashi sake gini, sai ya guji duk abin da wuta ke so: jan tubalin da aka gasa ya maye gurbin katako a bango, fale-falen yumɓu suka maye gurbin ciyawa a sama. Darasin ba sabo ba ne, domin tun bayan gobarar Landan ta 1666 doka ta wajabta gini da tubali ko dutse a birnin. A Epworth dai iyali guda ne suka koye shi a jikinsu.

Tsoron wuta ya bayyana kayan aikin, sai dai bai bayyana siffar ba. Gidan hawa biyu ne da ɗakuna a ƙarƙashin rufi, fuskarsa na da jerin tagogi bakwai, ƙofa a tsakiya, dama da hagu sun yi kunnen doki. Wannan shi ne salon zamanin Sarauniya Anne, wanda bai damu da yawan ado ba, ya dogara ga awo da daidaito. Irin fuskar da masu gonaki da filaye ke yi wa gidajensu ke nan, kuma limamin Cocin Ingila a karkara yana ganin kansa a sahunsu. Ginin ya ci fam 400, alhali abin da muƙamin ke kawo wa Samuel bai wuce kusan fam 200 a shekara ba, kuma a 1705 an taɓa tsare shi a kurkukun Lincoln saboda bashi. Wato gida ne da aka auna da darajar muƙami, aljihun mai shi kuwa aka bar shi ya ji da kansa.

Limamai sun ci gaba da zama a ciki har 1954, lokacin da Cocin Methodist ya saye shi, aka gyara, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1957. Kariyar doka ta shafi cikinsa da wajensa, don haka ba a sauya taga ko rushe bangon ɗaki sai da izinin hukumar yankin.