Lafiyar Ƙwaƙwalwar Ma'aikata a Lafiya

Lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki ita ce halin da ma'aikaci ke iya ɗaukar nauyin aikinsa hankali kwance, ba tare da damuwa ko fargaba sun hana shi barci, sun ɓata zamansa da mutane ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon damuwa da na fargaba suna cinye ranakun aiki biliyan 12 a duniya kowace shekara, kuma a 2022 ta fitar da ƙa'idojin kula da wannan ɓangare.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga tsohuwar Filato a ranar 1 ga Oktoba 1996, Lafiya, babban birnin jihar, ta zama garin ma'aikatan gwamnati. Akwai ma'aikatu, akwai Jami'ar Tarayya ta Lafiya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, ga malaman makaranta da ma'aikatan jinya. A irin wannan gari albashi ɗaya kan ciyar da gida fiye da ɗaya, domin ma'aikaci yana da iyaye da ƙanne a ƙauye da ke jiran ƙarshen wata tare da shi. Shi ya sa tushen damuwar da yawa daga cikinsu kuɗi ne: jinkirin albashi, ƙarin girma da ba ya zuwa da haƙƙinsa, da tsoron ritaya. A 2016 ma'aikatan jihar sun yi yajin aiki kan batun rage albashi, ma'aikatan ƙananan hukumomi kuwa sun daɗe suna kokawa da biyan wani kaso na albashi maimakon cikakke. Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya ƙara kuɗin mota da na cefane.

Ta fuskar doka, ma'aikaci ba a banza yake ba. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta amince da matsin ƙwaƙwalwa da aiki ya haifar a matsayin abin da ake iya neman diyya a kansa, ta hannun asusun inshorar ma'aikata na NSITF. Dokar Ƙwadago ta ba da hutun rashin lafiya na kwana 12 a shekara da albashi, idan likita ya tabbatar. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin dokar 1958 da aka gada daga Turawa, ta kuma hana nuna wa mai lalurar ƙwaƙwalwa bambanci. Sai dai mafi yawan masu sana'a a Lafiya, kamar 'yan acaɓa, 'yan dako da yaran shago, ba su da takardar ɗaukar aiki, don haka da wuya waɗannan tanade-tanade su kai gare su.

Babban cikas shi ne kunya. Mutum zai gwammace ya ce hawan jini ko zazzaɓi ke damunsa da a ce ya samu taɓin hankali, domin wannan suna na iya taɓa aurensa da matsayinsa a ofis. Da yawa sukan fara da malami ko fasto kafin asibiti. Addu'a na sanyaya zuciya, amma ciwon damuwa ciwo ne mai magani, kuma jinkiri na tsananta shi. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci a faɗin Najeriya. A Lafiya akan fara da asibitin da a da ake kira Asibitin Ƙwararru na Dalhatu Araf, akan kuma tura wasu zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Tallafin da ma'aikata suka fi dogara da shi na tsakaninsu ne: adashi, ƙungiyoyin gama kai masu ba da rance, gudunmawar rasuwa da ta suna, da zuwa dubiya. Rawar shugaban ofis ta fi yadda ake zato girma. Idan ya raba aiki da adalci, ya ba da hutu a kan lokaci, ya kuma rufa asirin wanda ya kawo masa kuka, ma'aikaci zai iya faɗin abin da ke damunsa tun ciwon bai kwantar da shi ba.