Mdou Moctar: Jitar da Ta Bi ta Sakkwato

Mun san Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar mai kaɗa jita da hannun hagu a manyan dandamalin Amurka, amma ba kowa a cikinmu ya san ta Sakkwato hanyarsa ta bi ba. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, kuma an haife shi a jihar Tawa, ya tashi a gidan da ba a maraba da kiɗa. Da ya rasa jita, sai ya sassaƙa katako ya ɗaura masa wayoyin birkin keke.

A 2008 ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato. An lanƙwasa muryarsa da na'ura kamar yadda ake yi wa waƙoƙin finafinanmu, alhali da Tamashek yake rerawa. Ba kamfani ne ya yaɗa kundin ba. Daga waya zuwa waya ya riƙa tafiya, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji shi, ya sa waƙa ɗaya cikin tarin da ya fitar a 2011. Wato salon da wasunmu ke rainawa ne ya fara kai shi nesa.

Daga baya ya kafa ƙungiyar kiɗan rok, suka fitar da Afrique Victime a 2021. Juyin mulkin Yulin 2023 ya rutsa da su a Amurka, aka rufe iyakokin Nijar, komawa gida ta gagara na wani lokaci.