3.4 Tsofaffin Kayayyakin da Ake Tsinta a Gonakin Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Manoman wannan yanki sun saba da tono abubuwan da ba su san amfaninsu ba, musamman a gonakin da ke kan kufai, irin na gindin dutsen Kwatarkwashi a ƙasar Bunguɗu da na kewayen 'Yandoto kusa da Tsafe. Galibi manomi kan jefa irin wannan abu a bakin gona ya zama alamar iyaka, ko ya kai shi lambu ya tokare bakin kwari da shi.

Wasu daga ciki ba su da wuyar ganewa. Dutse mai kwarmi a tsakiya wanda ya yi sumul, dutsen niƙa ne, domin gogayya ce kaɗai ke barin irin wannan alama. Baƙin dunƙule mai nauyi da ƙananan ramuka kuwa kashin maƙera ne, shaidar cewa an taɓa narka tama a wurin. Akwai kuma ɗan dutsen nan mai kaifi a baki ɗaya da Hausawa ke kira gatarin aradu, suna cewa tsawa ce ta jefo shi. Masana ilmin kufai sun tabbatar hannun mutum ne ya wasa shi, gatari ne na mutanen da.

Inda matsalar take shi ne gumakan gasasshiyar laka. A wajen 1943, a ƙasar Jama'a, wani ma'aikacin haƙar kuza ya kafa kan irin wannan gunki a gonarsa ta doya don korar tsuntsaye, kafin a kai wa Bernard Fagg ya gane dangantakarsa da wanda aka samu a Nok a 1928. Wannan kai ya yi sa'a, domin an san inda ya fito. Na Kwatarkwashi ba su samu haka ba. A shekarun 1990 masu haƙa suka yi ta tono su a ɓoye suna sayar wa dillalai, duk da dokar soja mai lamba 77 ta 1979 da ta hana irin wannan ciniki. Patrick Darling ya yi rubutu a kan ɓarnar a shekarar 2000, a shekarar da gidan tarihi na Louvre da ke Faris ya baje gumakan Nok biyu da ɗaya da ake kira na Sakkwato. Sai a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25.

Saboda haka idan aka tambayi amfanin waɗannan gumaka, amsar ba ta wuce hasashe. Wasu kan danganta su da tsafin Magiro da aka san Kwatarkwashi da shi, amma wannan magana tana da rauni, don kuwa zaman abubuwa biyu a wuri ɗaya bai nuna zamaninsu ɗaya ba. Abin da zai raba gardama shi ne sanin zurfin da gunkin yake, da gawayi ko kasko ko ƙashin da ke tare da shi, ko kabari ne ko ɗaki. Duk wannan shaida masu haƙa sun watsar da ita tare da ƙasar ramin.