Tarihin Masu Gyaran Mota da Hannunsu

A wannan makon za mu leƙa tarihin masu kwance motarsu da kansu don ƙara mata gudu.

Abin ya yi ƙarfi ne a kudancin Kalifoniya a shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye. Samari ba su da kuɗin sabuwar mota, sai su sayi tsohuwar Ford da araha, su rage mata nauyi, su taɓa injin, su tafi busasshen tafkin Muroc gwajin gudu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka dawo gida da ilimin kanikanci. Mujallar Hot Rod ta fito a 1948, sannan Wally Parks ya kafa NHRA a 1951 domin a raba matasa da tsere a kan titi.

Yau kwamfuta ke sarrafa injin, sifana kaɗai ba ta isa. Shi ya sa a 2012 masu zaɓe a jihar Masachusets suka amince da dokar da ta tilasta wa kamfanoni ba masu mota da ƙananan garejoji bayanan gyara.

To, motar da aka hana mu buɗewa, tamu ce kuwa? Muna jiran ra'ayoyinku.